Na Koma Umdurman Da Lissafin Da Malamina Ya Ƙi

Muna idar da sallar asuba ranar Talata muka jefa jakunkuna a bayan mota, muka kama hanyar filin jirgin sama na Kano, ni da abokin tafiyata. Tun da na saka hotunan bakin kogin Nilu saƙonninku ba su daina shigowa ba. Wasu na tambayar abin da ya kai ni Sudan a irin wannan lokaci, wasu kuma faɗa suka yi mini kai tsaye, har da yayata da ta ce da ta sani da ta ɓoye fasfo ɗina. To ga yadda abin ya kasance, daga fita har komowa.

Ga waɗanda ba su san ni sosai ba, tattalin arziki nake koyarwa, ɓangaren lissafi, inda muke ɗaukar alƙaluman kasuwa da na gidaje mu auna mu ga mene ne ke jawo mene ne. A Khartum na koyi wannan aiki, shekara ashirin da ɗoriya da suka wuce. Abokin tafiyata mutumin Maraɗi ne, ɗaki ɗaya muka zauna a lokacin. Shi da wuri ya gane lissafi ba ya ƙaunarsa, ya koma sayar da yadi, ga shi yau ya fi ni ƙiba da kwanciyar hankali.

Saƙon murya ne ya sa ni wannan tafiya. Wata mata ce ta turo, ta ce ita 'yar malamina ce, wanda duk muke kira Duktur, wato Dakta. Ta ce sun koma gidansu na Umdurman, garin da ke tsallaken kogi daga Khartum, bayan gudun yaƙi, idon mahaifinta ya kusa rufewa, littattafansa da kwamfutarsa duk sun salwanta. Sai na ji muryarsa daga baya, da Hausar nan tasa ta mutanen Umdurman, wadda kakanninsa suka zo da ita a ƙafa a hanyar aikin Hajji: "Ki ce masa ya zo da lissafin geron nan nasa. Abin da ya rage a kaina ne kawai, kuma kan ya fara yoyo." Shekara ashirin ban ji muryar nan ba. Laifina ne kuma, zan zo kansa.

Jirgi ya sauke mu a wata ƙasa muka yi jiran awoyi, sannan wani ya kai mu Bur Sudan, garin bakin teku, domin ta nan aka ba mu shawarar shiga. Zafin Bur Sudan mai danshi ne, kafin ka kai ƙofar fita riga ta manne maka a baya. Abin da ya fara ba ni mamaki kuɗi ne. Abin da na biya na kofin shayi ɗaya, a zamaninmu zai ciyar da ɗakinmu kwana da kwanaki. Yawancin mutane ma ta waya suke biya, har mai sayar da ruwan sanyi. Amma gaisuwar na nan yadda na bar ta: a dafa maka kafaɗa, a riƙe hannunka, a tambayi lafiyarka sau biyar, ka amsa sau biyar, sannan a sake farawa.

Da gari ya waye muka shiga babbar bas mai sanyi zuwa Khartum. Hanyar ta fara da hawan duwatsu jajaye, sannan ta miƙe cikin fili, babu itace sai ƙaya da raƙuma jefi-jefi. Shingen bincike da yawa, kowane a sauko a nuna takarda. Abokina ya yi barci tun kafin mu gama duwatsu. Ni kuwa na rungume jakar kwamfuta, na koma tunanin abin da ya raba ni da Duktur.

Binciken digirina na biyu a kan gero ne. Duk wanda ya tashi a ƙauyukanmu ya san yadda abin yake idan damina ta yi nisa kuma sabon hatsi bai iso ba. Gero na tsada, gidaje na jurewa, a rage nama, a rage man miya, amma tukunya na hawa wuta sau uku. Sai a kai wani farashi, wanda daga nan ko ƙaramin ƙari aka yi sai ka ga an daina girkin rana. Wato dangantakar farashi da cin abinci ba miƙaƙƙen layi ba ce, tana da wurin da take karyewa. Duktur ataba yake kiran wannan wuri, wato dokin ƙofa da Larabci. Nemo ta ba wuya a takarda. Ka ɗauki farashi ɗaya ka ce a nan ne, ka raba bayananka gida biyu, na sama da na ƙasa, ka ja wa kowane nasa layin, ka duba yawan kuskuren da ya rage. Ka yi haka da kowane farashi. Inda kuskure ya fi ƙanƙanta, nan ce atabarka.

Na yi damina biyu ina yawo a kasuwannin ƙauyukanmu da gidaje, na koma Khartum na yi lissafin, ataba ta fito fes. Na kai masa ofis ina jin kaina. Ya daɗe yana kallon zanen, sannan ya ce, "Kyakkyawa ce. Amma farashin nan naka ɗan gida ne, ba baƙo ba ne. Mutanen da kake auna cinsu su ne ke ɗaga shi. Ka raba mini wanda suka ɗaga da wanda aka ɗaga musu tukuna." Na ce ai lokaci ya ƙure, tallafin karatuna ya kusa ƙarewa. Ya sa hannu na wuce, amma ya rubuta a gefen shafin da jan biro cewa wannan sakamako bai tabbata ba. Na ji zafin abin ƙwarai. Na bar Sudan ban je na yi masa sallama ba, alhali kowace Juma'a a gidansa nake cin abincin rana. Na dawo gida na buga binciken yadda yake, na samu ƙarin girma da shi. Daga baya ƙungiyar 'yan garinmu ta gina rumbun tallafi, ana sayen gero da kaka a ajiye, a raba wa marasa hali idan tsada ta yi tsanani. Da suka tambaye ni yaushe za a riƙa buɗe rumbun, atabata na ba su. Shekaru ke nan da ita suke aiki.

A Atbara bas ta tsaya aka ci abinci. Nan na sake haɗuwa da ful, wake da aka dafa ya yi lugub, aka dandaƙa shi da gindin kwalba, aka zuba man riɗi da albasa da farin cuku. Loma ta farko ta mayar da ni ɗakin kwananmu, inda mu shida muke zagaye kwano ɗaya, kowa na sa ido kan ɓangaren da mai ya taru. Abokina ya ci kwano biyu, ya ce na biyun na tunawa da 'yan ɗakinmu ne. Kafin Shandi muka hango ƙananan dala-dalan nan na mutanen da, tsaye cikin yashi a hagun hanya, yadda na bar su. Daga nan kuma muka fara ganin abin da ban bari ba: ƙonannun motoci a gefen titi, gidajen mai babu rufi.

A Hajj Yusuf muka sauka, gabashin Bahri, wato Khartum ta Arewa, gidan wani ɗan'uwan abokina. Unguwar ta fara dawowa. Rakshoshi, wato Keke Napep ɗinsu, na kai da kawo, amalanken jaki na raba ruwa a ganguna, kusan kowane rufi da farantin sola. Gida ɗaya an yi sabon fenti, na kusa da shi ƙofarsa a wangale babu kowa. Maigidan ya shimfiɗa mana gadajen igiya a tsakar gida, aka kawo asida, wato tuwonsu, da miyar busasshiyar kuɓewa. Yana magana da Hausa, 'ya'yansa manya na amsa masa da Larabci, in ya gaji shi ma ya bi su.

Da hantsi na ce sai na ga unguwar Alhilla Kuku kafin in tsallaka kogi. Nan muke zuwa sayen takalma masu araha da cin agashe, wanda ba komai ba ne illa tsiren gidanmu da ya zauna a Sudan ya canja suna. Akwai wata bishiyar maina a bakin kasuwa inda wata mai shayi take zama, tana ba mu jabana, kofi mai citta, tana yi mana dariyar Larabcinmu na littafi. Bishiyar na nan. Wata mata ce daban a ƙarƙashinta, da irin kwalaben nan na kayan ƙamshi a jere. Na tambaye ta tsohuwar, ta ce ba ta san ta ba, ita ma bara ta zo. Na sha jabanar duk da haka. Cittar ta yi daidai.

Cikin Khartum ne abin ya fi muni. Gadar da muka saba bi ba ta biyuwa, sai da direba ya zaga. Titunan da a da sai ka yi rabin awa ba ka matsa ba, yanzu ciyawa ta fito a tsagin kwalta. Manyan gine-gine tsaye baƙi ƙirin, tagogi a fashe. Na hango katangar makarantarmu, ban ce a tsaya ba. Amma daga kan gada na ga mahaɗar kogunan nan biyu, fari da shuɗi, suna tafiya gefe da gefe kafin su gauraya, da masunta a kwale-kwale kamar babu abin da ya faru. Abokina, wanda in ba barci yake ba bakinsa bai huta ba tun daga Kano, ya cire hularsa ya riƙe a hannu har muka sauka.

Umdurman ta fi rai. Muka yi yamma har Kasuwar Libiya, inda na sayi rediyona na farko da akwatin da na koma gida da shi. A da in ka shiga layin yadi sai ka ɓata. Yanzu layuka da yawa toka ce da lanƙwasasshen ƙarfe, amma a bakin hanya 'yan kasuwa sun baje kaya a tebura, ana ciniki da ƙarfi. Abokina ya taɓa wani yadi, ya tambayi kuɗinsa, nan take ya manta da baƙin ciki ya shiga taya. Da ƙyar na janye shi. Na sayi sukari da ganyen shayi da dabino, muka shiga raksha zuwa gidan Duktur.

Ban buƙaci kwatance ba. Ƙofar ƙarfe mai shuɗin fenti, sai dai yanzu da faci a wajen makulli. 'Yarsa ce ta buɗe, wadda na bari tana firamare, yanzu malamar lissafi ce a makarantar 'yan mata. Yana zaune a gadon igiya ƙarƙashin rumfa, farar jallabiya, ya rame har wuyan rigar ya yi masa yawa. Na yi sallama na durƙusa. Ya laluba ya kama kaina da hannu biyu.

"Ya waladi," ya ce, wato ɗana. "Ka yi furfura?"

"Na yi, Duktur."

"Alhamdulillahi. To ba ni kaɗai ba."

Na buɗe baki zan fara ba da haƙurin da na yi ta shiryawa tun daga Bur Sudan, sai matarsa, Hajja, ta fito da faranti a ka. Ta dube ni ta ce, "Kai ne mai cinye mini ƙasan tukunya ka tafi ba sallama? Wanke hannu." Aka ajiye kisra, wainar dawa mai faɗi siririya kamar takarda, da miya. Haƙurin bai samu wuri ba a ranar.

Ɗakin karatunsa na nan, amma kantocin babu komai. Waɗanda suka shiga gidan bayan sun gudu sun kwashe kwamfuta, takardun kuma aka hura wuta da su. A ciki har da littattafan rubutu da ya yi shekaru yana aiki a kai, kan yadda za a nemo ataba a kuma gwada gaskiyarta idan abin da ake aunawa da shi ɗan gida ne. Bai taɓa bugawa ba, kullum yana cewa saura gyara ɗaya. Ya ce yana so ya faɗa in rubuta, kuma a gwada a kan bayanan gaske. Nawa ne kaɗai ya san suna nan.

Kwana huɗu muka yi muna aiki, daga hantsi zuwa la'asar, domin a lokacin ne solar gidan ke iya ɗaukar kwamfuta. Abokina ya koma kasuwa, ya ce ya riga ya gudu daga wannan darasi sau ɗaya. Duktur na faɗa ina rubutawa a sabon littafi, 'yarsa na karanta masa abin da na rubuta, in ya tsallake mataki ta ce, "Yaba," wato Baba, "ka bar wani abu a baya." Wani lokaci ya tsaya cak a tsakiyar lissafi, leɓɓansa na motsi. Sau biyu abin bai dawo ba, sai da ni da ita muka cike gurbin, ya saurara ya ce haka ne.

Inda muka maƙale shi ne neman baƙo. Ana bukatar wani abu da ke motsa farashin gero daga waje, wanda babu hannun mutanen gidajen a ciki. Na kawo shawarar yawan motocin da ke shiga kasuwa, ya ce a'a, ai tsadar ce ke kiran motocin. Muna cikin haka Hajja, wadda ke gefe tana shafa kisra a kan faranti mai zafi, ta sa baki ba tare da ta ɗago ba.

"Ku kuna wahalar da kanku. Tsada iri biyu ce, duk macen da ke cefane ta sani. Akwai wadda muke jawowa da kanmu. A ji jita-jita, masu hali su ruga su sayi buhu biyar su ɓoye, dawa ta tashi, amma su tukunyarsu na tafasa. Akwai kuma wadda ake kawo mana. Ranar da aka rufe gada, babu wanda ya sayi komai, dawa ta tashi duk da haka. Wannan ita ce mai kashe wuta."

Duktur ya juya fuskarsa wajena. "Kuna da gada?"

Ba mu da gada, amma muna da kwalbatoci. Shekarun da na ci gaba da tara bayanai, ɗalibaina da nake turawa kasuwanni kan rubuta a gefen takarda cewa hanya ta yanke, ruwa ya cinye kwalbati, don kada in ce sun ƙi zuwa aiki. Uzuri ne kawai, amma na sa an shigar da shi kwamfuta tare da sunan wurin. Ina kuma da kuɗin man dizal na kowane mako. Duktur bai saki jiki nan da nan ba. Ya ce ruwan da ya cinye kwalbati zai iya cinye gonar mutanen ƙauyen, ka ga ya shiga gida ke nan. Sai muka ware, muka ɗauki yankewar hanya da ta faru nesa da ƙauyen kawai, a kan titin da motocin hatsi ke biyowa.

Daga nan aiki ya miƙe. Da farko muka auna nawa ne daga cikin motsin farashi hanya da dizal suka jawo. Abin da ya rage shi ne na 'yan gida, muka ware shi muka ba shi gurbinsa a lissafin, daban a sama da ataba, daban a ƙasa, domin Duktur ya nace cewa halinsa ba ɗaya ba ne a ɓangarorin biyu. Sannan muka sake bin farashi ɗaya bayan ɗaya muna neman wurin karyewa.

Kafin a duba sakamako ya ce a yi gwajin da ban taɓa yi ba. Ya ce wanda ya fita neman ataba zai samo ta ko da babu ita, tunda dole wani wuri ya fi wani ƙarancin kuskure. Don haka muka sa kwamfuta ta ƙirƙiri bayanai masu kama da nawa amma waɗanda muka san babu ataba a cikinsu, ta nemi ataba a ciki, ta maimaita sau ɗaruruwa. Idan irin karyewar da muka gani na yawan fitowa a bayanan ƙirƙira, to tawa ma inuwa ce. Kwamfutar ta ɗauki kusan awa biyu, fankarta na kuka, 'yarsa ta ɗora ta a kan bulo biyu don ta sha iska. Na sha shayi kofi uku ban ji ɗanɗanonsa ba. Idan babu ataba, duk abin da aka san ni da shi ya rushe.

Ataba na nan. Da wuya irinta ta fito a bayanan ƙirƙira. Na sauke ajiyar zuciya, har na fara murmushi, sai 'yarsa ta nuna allon da yatsa ta ce in duba inda take. Ba inda na sa ta ba ne. Tana ƙasa sosai. Tsohon lissafina ya ga makonnin da masu hali suka ɗaga farashi suna kuma ci sau uku, sai ya ɗauka mutane na iya jure wannan tsadar. Gaskiyar ita ce gidajen marasa hali na daina girkin rana tun kafin a kai farashin da na ba ƙungiyarmu. Na lissafa a zuciyata yadda gero ke hawa a daminarmu. Makonni ne tsakanin wuraren biyu. Kowace shekara, makonni, rumbu a kulle, da gero a ciki, mabuɗi na jiran lambar da na bayar.

Na karanta masa sakamakon. Na jira ya ce ai ya gaya mini. Bai ce ba. Ya tambaya, "Rumbun nan, yana da gero bana?"

"Yana da shi."

"To khalas, shi ke nan. Ka koma da wuri."

A nan ne haƙurin ya fito, ba yadda na tsara shi ba. Na ce na ji zafin jan biron nan, na ce na san yana da gaskiya tun a lokacin, shi ya sa ban iya zuwa sallama ba. Ya saurara har na gama. Ya ce shi ma yana da nasa. Ya ga kuskuren, amma a lokacin bai san yadda za a gyara ba, sai ya rubuta da ja ya bar ni da shi. "Dalilinka na fara littattafan nan da suka ƙone," ya ce. "Na so in gama in aiko maka. Na yi ta cewa saura gyara ɗaya." Hajja ta ce in mun gama kuka akwai zoɓo mai sanyi a tulu.

Ranar tafiya na ɗauki hoton kowane shafi na sabon littafin, na bar wa 'yarsa ainihinsa. Mun yi da ita za mu gyara rubutun tare mu buga da sunansa. Ya rako ni har ƙofar shuɗi yana dafe da kafaɗarta, ya yi mini addu'a da Larabci ya ƙarasa da Hausa. Muka sake bin hanyar Shandi da Atbara, abokina da ƙullin yadi biyu da ya rantse ba zai saya ba. Kwana biyu bayan nan muka sauka Kano, shi ya wuce Maraɗi, ni na wuce garinmu ban ko tsaya gidana na birni ba.

Na roƙi shugaban ƙungiyarmu ya tara kwamitin rumbu. Muka zauna a zauren makarantar firamare, a kan bencin yara. Na yi musu bayani da allo da alli, na ce lambar da na ba su shekarun baya ta yi sama da yawa, kuskuren nawa ne, an gargaɗe ni tun farko ban ji ba. Ban taɓa faɗin magana mai nauyin wannan a gaban mutane ba. Sai wani dattijo, wanda shi ke wakiltar ƙauyukan gabas, ya gyara zama ya ce, "Malam, mu da ke can mun daɗe da sani. Kowace shekara muna faɗa, a ce mana lissafi bai kai ba. Ba mu da takardar da za mu nuna ne kawai." Aka amince da sabuwar lambar, aka kuma amince cewa idan wakilan ƙauyuka uku suka ce an fara kashe wutar rana, za a buɗe ko lamba ta kai ko ba ta kai ba.

Masu tambayar ko Sudan ta zaunu, ba zan ce muku ku ɗauki jaka ba. Hanya na da wuya, mutane na cikin rashi, garin da na sani rabinsa babu. Amma na ga masu share ƙofar gida, na ga masu fenti. Abin da na koyo kuwa, na je da tunanin zan taimaki tsoho ya ceci aikinsa, na tarar nawa aikin ne ke bukatar ceto. Na koyi cewa lissafi mai kyan gani shi ya fi bukatar a tuhume shi, kuma wanda ya ce maka bai tabbata ba, ka koma wurinsa tun yana iya ganin fuskarka. Ni na makara da wannan, Duktur da hannu ya gane ni.

Jiya da rana ma'ajin ƙungiya ya kira ni. Farashi ya taɓa sabuwar lambar a kasuwar Laraba. An buɗe rumbun, amalanke bakwai sun fita zuwa ƙauyukan gabas.